Dutsen Bahaguwa

Kakata ta wajen uwa bahaguwa ce. Tana ƙarama an sha buge mata hannu a bakin akushi har ta koyi ci da dama, amma hauya da muciya a hagu suka zauna mata.

Wata damina muna noman farko a gonarta, bayan Urafane, hauyarta ta bugi wani abu. Ƙasarmu rairayi ce, sai ka yini ba ka ga tsakuwa ba. Ta tono shi: baƙin dutse mai santsi, tsawon tafin hannu, bakinsa a washe kamar gatari, an sassaƙa ɗan kwarmi a gefe guda.

A gida kowa ya faɗi tasa. Kawuna ya ce gatarin aradu ne, tsawa ke jefo shi, a mayar da shi inda aka samo. Maƙwabciyarmu, wata Kirista mai ginin tukwane, ta ce da irinsa ake goge cikin tukunya. Na kai wa mushen lakwal ɗinmu, wato malamin makaranta, ya ce mutanen da ne suka wasa shi tun ba a san ƙarfe ba, wataƙila don saran itace ko kankare fata. Kwarmin kuwa, ya ce ba zai rantse a kansa ba.

Da na dawo da shi, Kaka ta riƙe da dama, bai zauna ba. Ta mayar hagu, sai babban yatsanta ya faɗa cikin kwarmin daidai.

"Takwara, zo ki gani," in ji ta. "Mai wannan bahaguwa ce."

Na tambaye ta yadda ta san mace ce. Ta yi dariya, ta ce ba ta sani ba, haka dai ranta ke so. Can ta ce a hankali, "Ko ita ma an buge mata hannu?"

Ba ta mayar da shi gona ba. Da shi take niƙa kanwa da barkono, kuma ba ta ba kowa aro.

Lokacin da na tafi karatu Mayahi idanunta sun mutu. In na zo hutu, nakan same ta da hantsi a gindin itacen bedi, dutsen na hannunta. Sai ta sa in zauna, mu yi ta lissafin matar nan mai dutsen: me take dafawa, ina take ɗebo ruwa, ko ta ga jikokinta. Ni nakan gaji, ita kuwa ta ci gaba.