Yumɓuna da Akurkin Malam

Jama'a, kaskona na farko ya fito daga wuta, ko tsaga babu!

Da ƙyar aka kai nan. Yumɓun da na ɗauko daga Kwandiko na daka, na tankaɗe, na taka da ƙafata yadda Inna maginiya ta koya mini, ina dawowa daga unguwa na tarar maigidana ya yaɓe akurkin kajinsa da shi. Ɗan ragowar na kankaro na yi ginin.

Ɗazu ya ƙwanƙwasa kaskon, ya ce, "Hajiya, wannan zai yi wa kaji ruwan sha."

Na ce, "Malam, na ba su gida, kayan ɗakin kuma sai ka yi musu."

Turaren wuta zan zuba a abina. Maginan tukwane, ina kuke ɓoye yumɓunku?