Hasumiyar gonar Ammu Turki

Mukhtaru magini ne, jikan Hausawan da suka biyo ta Sudan suka zauna a Makka. A unguwar Shisha yake da iyalinsa. Aikinsa bai wuce katanga da gyaran ɗakunan alhazai a unguwar Aziziyya ba, har ranar da wani dattijo, Ammu Turki, ya kai shi tsohuwar gonar dabinon da dattijon ya gada daga kakanninsa a bayan gari.

Dattijon ya rasa 'yarsa Shahad a haɗarin mota, tana hanyar zuwa gonar. Ya ce a gina masa hasumiya da baƙin dutsen wurin, ba ɗaki, matakala kawai, mai tsayin da zai hango kwanar da motar ta kife. 'Ya'yansa maza suka ce gara a haƙa mata rijiya sadaka. Mukhtaru ma haka ya gani a ransa, amma ya kasa kallon idon tsohon ya ce a'a.

Ginin ya ja lokaci. Kullum tsohon na zaune a inuwa yana ba shi labarin Shahad, yadda take cin dabino tun yana ɗanye, yadda take kwaikwayon tafiyarsa don ta ba shi dariya. Mukhtaru bai taɓa ganinta ba, sai ga shi yana sa ta a addu'a tare da iyayensa. Kafin a kai ƙarshe, ciwon suga ya kashe wa tsohon ƙafafu.

Ranar da aka gama, Mukhtaru ya goya shi ya hau da shi. Tsohon ya daɗe yana dubawa. Ashe kafaɗar wani tsauni ta tare kwanar, ba a ganin komai sai dutse.

"In ƙara tsayi, ya ammi?" in ji Mukhtaru.

"Khalas, ya waladi, ya isa haka, ɗana. Sauke ni."

Tsohon bai sake zuwa gonar ba, kuma bai kai azumin shekarar ba. Magada suka sayar, mai sayen ya mai da wurin gidan shaƙatawa, ya naɗe hasumiyar da fitilu, samari na hawa suna ɗaukar hoto.

Mukhtaru ya koma shafe da gyaran ɗakuna. Matarsa Ramlatu ta sha gaya masa ba laifinsa ba ne, shi kuwa yakan ce ya kamata ya lura da tsaunin tun ana haƙa tushe. An taɓa kiransa gonar ya gyara matakalar ƙasa ta hasumiyar da ta tsage. Ya gyara, ya tattara kayansa, ya nemi motar komawa Shisha.