Wejin Madam, Wejin Likita da Nawa Mai Roba

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Ista, shekarar da nake aji shida na firamare, na shigo layinmu a unguwar Turaki B ta Jalingo da sandunan golf uku a kafaɗa, ina taku ɗai-ɗai kamar wadda aka yi wa naɗi. Duk ukun weji ne, wato gajeriyar sandar nan mai kwantaccen baki da ake ɗaga ƙwallo sama da ita in an zo kusa da rami. Ɗaya nawa ne, biyu na aro. Yaran layi suka biyo ni har ƙofar gida suna roƙon in bari su taɓa, ni kuwa na ce duk wanda bai wanke hannu ba kada ma ya matso. Washegari ne gasar yara a filin golf, kuma ni kaɗai ce mace a cikin masu bugawa. Murna ta hana ni cin abincin rana, na zauna a gindin mangwaron gidanmu ina goge ƙarafan nan da bakin zanena har sai da Mama ta tambaye ni ko su zan aura.

Ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne mu, aiki ne ya kai mu filin. Babana Bitrus shi ke kula da wuraren da ramuka suke. A lokacin babu koriyar ciyawa a nan, yashi ake tankaɗewa a cuɗa da baƙin mai a shimfiɗa, ana ce masa birawun, Baba kuma ya bi yana jan buhu a kai har ya kwanta sumul. Duk Asabar, in na gama ɗiban ruwa da shara da wankin tukwane, ni ke kai masa abinci, in zauna ina kallon yaran da ke ɗaukar wa manya jaka suna buga ƙwallon goruba da lanƙwasasshen reshe. Wata rana Baba ya tsinci tsohon weji da ya karye a cikin ciyawa, ya yanke shi daidai tsawona, ya naɗe mariƙin da robar tayar keke, ya miƙo mini. Daga ranar na zama annoba a gida. Na fasa tulu, na kori kajin maƙwabta, na huda ganyen gwandar Mama. In an kai mu hutu wurin Kaka a Iware, yayuna na noma, ni ina bakin gona ina auna nisa da tudun doya: tudu goma, tudu ashirin, in ce ƙwallo ta sauka a kan na sha biyu, ta kuwa sauka. Kaka takan riƙe baki ta ce da Hausarta ta Iware, "Wannan yarinya, ko fartanya an ba shi sai ya buga dutse da shi."

Mama Laraba dai ba ta ga abin dariya ba. Ita ƙosai take soyawa a bakin titi, kuma Asabar ce babbar ranarta, ranar da take buƙatar hannuna wajen surfen wake da kai niƙa. Da aka ce za a yi gasa a zaɓi yara uku da za a riƙa koya musu wasan sosai kowace Asabar, sai ta yanke hukunci a gaban kowa. In na shiga cikin ukun, ta sallama ni. In ban shiga ba, zancen golf ya ƙare, in ajiye ƙarfen nan in kama ludayi. Mama ba ta magana biyu, kowa a gidanmu ya san haka.

Dokar gasar ita ce kowane yaro sanda huɗu kacal zai riƙe, don na aro ne kuma ba su isa ba. Ɗaya dole fota ce, wadda ake gangara ƙwallo cikin rami da ita. Ɗaya kuma dole ta zama doguwa, mai kai ƙwallo nesa, ni Baba ya samo mini ayon mai lamba bakwai. Saura gurbi biyu ke nan. Samarin nan duk dogaye suka cika hannunsu da su, don su burinsu a ji ƙara a ga ƙwallo ta ɓace a sama. Ni kuwa ƙarama ce, hannuna kamar sillen kara, na san ba a nesa abincina yake ba. To ana haka sai Likita Hammadu, wani dattijon likitan dabbobi da ke wasa a filin, ya kira ni ya ba ni aron wejinsa mai kaurin gindi, ya ce na fita daga ramin yashi ne. Ban gama godiya ba sai ga Madam Ngozi, babbar ma'aikaciya a sakatariya, ita ma ta zaro nata sabo fil, bakinsa a kwance kamar cokali, ta ce in buga da shi gobe in fitar da mata kunya. Madam ɗin nan kuwa ita ce mai shirya gasar, ita za ta kira sunayen yara ukun, kuma ta riga ta faɗa cewa ba bugu kaɗai za ta duba ba, har da tarbiyya. Na karɓa hannu biyu, ko lissafin gurbi ban yi ba.

Sai da Baba ya dawo da la'asar ya ga baje kolina a kan tabarma ya ce in ƙirga. Na ƙirga, biyar. Na sake ƙirgawa, ba su ragu ba. Bai yi faɗa ba, ya ɗauki jakar tsofaffin ƙwallaye ya ce in biyo shi filin makarantarmu. Ƙasar ta bushe ƙamas da zafin bazara, ya zana da'ira da ƙafarsa, ya ja ni baya taku ashirin, ya ce ƙwallo goma-goma da kowanne. Da nawa mai roba na zuba bakwai a ciki, ko tunani ban yi ba. Na Likita ya riƙa dukan ƙasa yana tsalle, amma da muka koma kan tulin yashin da magina suka bari, sai ya riƙa tsamo ƙwallo kamar ana tsame ƙosai daga mai. Na Madam kuwa, wayyo! Ƙwallo ta tashi sama ta wuce tsawon darbejiya, ta tsaya kamar tana shawara, sannan ta sauko. Yaran da suka taru suka sa ihu, ni ma na yi tsalle. Amma biyu kawai suka faɗa da'irar, sauran wata ta faɗo a gaban ƙafata, wata ta yi fitar burgu ta nufi ajin 'yan aji uku. Baba ya ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Na ji haushinsa ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa, kuma duk cikin ukun na Madam nake so.

A gidanmu yaro ba ya mayar wa babba abin da ya ba shi. Ko tuwon da ba ka so aka miƙo maka, karɓa za ka yi ka ce an gode. Na kawo dabara cewa in bar nawa a gida in riƙe na manyan biyu, kowa ya ji daɗi. Baba ya ce to, in daɗin mutane zan je nema, in shirya kama ludayi. Na ce to shi ya mayar mata, ai shi babba ne. Ya girgiza kai ya ce, "Ke za ki buga, ke za ki mayar." Da safe na tafi filin, na sami Madam a ƙarƙashin rumfa tana rubuta sunaye, mutane kewaye da ita. Na durƙusa har ƙasa, na ɗora wejin a tafin hannuwana biyu, na ce na gode ƙwarai amma ya fi ƙarfina, ban iya shi ba tukuna. Ta sauke tabarau ta dube ni, ta dubi ƙarfen da ke rataye a bayana da robar keke, ta ce da irin Hausarta, "Kai bar sabo, kai ɗauki wannan?" Na ce i, Ma. Ta karɓa ta jingina a kujera, ta ci gaba da rubutu. Na tashi ina jin na riga na kashe kaina tun ba a fara ba.

Amma da aka kira sunana, Rifkatu Bitrus, na ɗora ƙwallo na buga ta tafi sak, sai duk wani tsoro ya bi iska. Rami shida za mu buga. Samarin nan in suka saki bugu sai ka ji kamar an fasa kwakwa, ƙwallonsu ta wuce tawa nesa, su juyo suna mini gwalo. Wani dogo mai suna Istifanus har cewa ya yi in ba shi ayon ɗina ya taimaka mini. Na ƙyale shi, sannu ba ta hana zuwa. In mun iso kusa da birawun a nan labari ke canzawa. Su ba su da abin ɗaga ƙwallo, sai su buga da doguwar sanda ta tsallake ta faɗa ciyawa, su dawo da ita ta sake tsallakewa, suna zufa suna tsaki. Ni kuwa in tsaya in ƙirga a raina, tudu takwas, in ɗan taɓa da nawa mai roba, ta sauka a bakin yashin ta gangara kamar an aike ta. A rami na huɗu ta shige ciki kai tsaye daga waje, na yar da sandar na yi ta tsalle ina ihu har sai da aka tuna mini cewa a golf ba a haka. Na ce a yi haƙuri, amma ƙafata ba ta daina rawa ba.

A rami na ƙarshe aka ce mutum biyu sun riga sun tsere, ni da Istifanus muke kunnen doki a na uku. Garin zumuɗi na ja bugun da ƙarfi, ƙwallo ta karkace ta faɗa ramin yashi mai zurfi, ta nutse rabi. Istifanus ya yi murmushi har kunne. Na sauka ciki, bakin ramin ya kai mini ƙirji, ba na ko ganin tutar da ke nuna ramin ƙwallo sosai. Na zaro wejin Likita, na tuna tulin yashin magina, na kafa ƙafafuna na daki yashin bayan ƙwallon da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni. Yashi ya cika mini baki da ido. Ban ga komai ba, ihu kawai na ji, da muryar Likita yana cewa da Fulatanci, "Barkama, ɓingel am!", wato barka ɗiyata. Da na rarrafo waje na tarar da ita kwance taƙi ɗaya daga rami. Na gangara ta ciki. Istifanus ya buga tasa ta leƙa ramin ta wuce.

Duk da haka ban saki jiki ba sai da Madam ta miƙe da takardarta. Ta kira na ɗaya, ta kira na biyu, ta tsaya gyara tabarau har na ji kamar in nutse. Sannan ta kira ni, ta ce wa jama'a yarinyar nan ta mayar mata da sandarta da safe, ta ji zafi kuwa, amma wanda ya san abin da bai iya ba shi ake iya koya wa. Na ruga gida ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na sami Mama a bakin kasko, na faɗa mata ina haki. Ta juya ƙosanta, ta tsame, ta daɗe ba ta dube ni ba, sannan ta ƙwala wa yayana kira ta ce, "Dauda, daga yau kai ne mai kai niƙa ranar Asabar." Ta zaɓo ƙosai uku masu zafi ta tura mini a takarda, ta ce in ci kafin in faɗi.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare a nan Jalingo, kuma na buga wasan nan a garuruwan da ciyawarsu ke kore shar har bakin rami. Jakata na ɗaukar sanda goma sha huɗu, weji uku a ciki, wani lokaci huɗu, kuma sau da yawa nakan tsaya a gaban ƙwallo ina zaro wannan ina mayar da wancan har abokan wasa su gaji. Yaran da nake koya wa sukan zo da waya a hannu su nuna mini abin da aka ce game da yawan wejin da ya kamata a riƙe, in ce su ajiye wayar mu je mu gwada. Baba ya rasu, Likita ma haka, Madam ta yi ritaya ta koma garinsu. Kayan wasa sun yi mini yawa yanzu, masu faɗa mini gaskiya a kansu ne suka yi ƙaranci.