Takardun Jarrabawa a Firintar Laburare

Akwai wata ranar Laraba da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja, na daɗe da barin wancan aikin, amma da zarar na tuna ta sai in ji jikina ya yi sanyi.

Lokacin ina aiki a wata kwaleji a Lafiya, ni ne mai kula da kwamfutoci. Kwamfuta ba ta daɗe da shiga ofisoshi ba, duk wanda ya iya haɗa waya biyu injiniya ne. Ni ma haka ake kirana, kuma sunan yana fasa mini kai. Muna da wata babbar kwamfuta a wani ɗan ɗaki, wadda muke kira saba. Duk wanda ya tura takarda daga teburinsa sai ta bi ta cikinta, ta shiga layi, sannan ta wuce firinta.

Ana saura sati biyu jarrabawa, firintar ofishin jarrabawa ta fara nawa. Shafi ɗaya sai ya ci minti biyar, wani lokacin goma. Mai riƙe da ofishin wata dattijuwa ce 'yar wajen Agyaragu, kowa Madam yake ce mata. Ta fi kowa daɗewa a kwalejin, kuma ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Mabuɗin ofishin ma a wuyanta yake rataye. Kullum sai ta leƙo ɗakina.

"Injiniya, wannan firinta naka zai kashe ni. Tun safe pepa uku kawai ya fito. Abeg, ka yi wani abu."

Na kashe saba na kunna. Na share layin takardun da suka taru. Na cire manhajar firintar na sake sakawa. Duk a banza. Abin da ya kamata in yi shi ne in tashi daga kujera in bi wayar da idona tun daga saba har firinta, amma a lokacin gani nake rarrafe a ƙarƙashin tebur ba aikin injiniya ba ne. Sai wata dabara ta zo mini. Ana iya haɗa firinta biyu a layi ɗaya, idan ɗaya tana aiki sai takarda ta wuce ɗayar. A ofishin rajistara, ƙofa da ƙofa da Madam, akwai wata firintar da sakatarensa kaɗai ke taɓawa. Na duba jerin lambobin da ke kan saba, na zaɓi wadda nake zaton ita ce, na haɗa. Ban taɓa rubuta wace lamba ce ta wace firinta ba, a ka nake riƙe su. Ban kuma gaya wa kowa abin da na yi ba, so nake a ga aiki kawai a yaba.

Layi kuwa ya ragu. Sai dai bayan kwana biyu Madam ta ce ta tura takardu uku, biyu suka fito. Na leƙa ofishin rajistara ban ga komai a firintarsu ba, na ce mata netwok ne ya cinye, ta sake turawa. Ko a jikina.

Aka fara jarrabawa. A rana ta biyu wani malami ya kama ɗaliba da takardar tambayoyi a cikin ɗankwali, bugaggiya tsaf, da tambarin kwaleji. Kafin azahar an sami irinta a hannun mutum shida. Kwaleji ta hargitse, aka dakatar da jarrabawa. Da aka matsa wa ɗaliban sai kowa ya ce wani ne ya ba shi. Tunda Madam kaɗai ke buga tambayoyi, kuma ita ke da mabuɗi, aka ba ta takardar dakatarwa, aka kafa kwamiti. Ina tsaye a baranda ta fito da jakarta, tana tafiya kamar wadda ta tashi daga jinya, ta tare ɗan acaba a bakin get. Abin da ya fi cina har yau shi ne, ni ma na sa baki a gulmar. Na ce wa wani malami, "Mutum ke nan, ba ka taɓa saninsa."

Sati uku bayan haka, ranar Larabar nan, dattijon da ke kula da laburare ya aiko a kira ni, wai linzamin wata kwamfuta, wato maus, ya daina motsi. A ɗakin akwai firintar da ɗalibai ke buga aikinsu, kowa ya ɗebi nasa da kansa. Ina duƙe ina gyara, sai firintar ta farka ta fara jan takarda, alhali babu kowa a kan kwamfutocin. Na miƙa hannu na ɗauka. Sababbin tambayoyin jarrabawa ne, waɗanda aka sake tsarawa, wanda ya gaji Madam yake bugawa a can ofishin da aka canja wa kwaɗo.

Wallahi nan take na gane: ashe lambar da na haɗa ta firintar laburare ce, ba ta ofishin rajistara ba. Takardar tana hannuna, da ɗuminta.

"Baba, ta saba yin haka?"

"Ai kullum, Injiniya. Shi kaɗai yana fitar da pepa. Yara suna kwasa, ni na ɗauka nasu ne."

Na cire wayar firintar daga bango, na kwashe takardun. Daga laburare zuwa ofishin shugaban kwaleji tafiyar minti biyu ce, amma a cikinta sau uku ina tsayawa. Ba wanda ya sani. Ina iya komawa saba in warware haɗin, magana ta mutu. Ba zan ce jarumta ce ta kai ni ba, ƙafafuna ne kawai suka ƙi juyawa. Na ajiye masa takardun na ce, "Yallaɓai, Madam ba ta sayar da komai ba. Ni ne." Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kai za ka je ka gaya mata da bakinka."

Na same ta a tsakar gida tana ɓare rogo. Ta rame. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Ɗana, sati uku ban shiga coci ba saboda kunya. Yarona na makaranta ya tambaye ni ko gaskiya ne." Sai hawaye. Daga baya ta ce ta yafe, ta sa aka kawo mini ruwa, na kasa sha.

An mayar da ita aiki, an karanta takardar wanke ta a gaban ma'aikata, ni kuma na sha takardar gargaɗi. Washegari na yi rarrafen da na ƙi yi. Cikin minti goma na ga matsalar: ƙafar wata kabad ta ƙarfe da aka shigo da ita ce ta danne wayar har ta kusa tsinkewa. Na canja waya, firinta ta ci gaba da aiki kamar sabuwa. Madam kuwa zango ɗaya ta ƙara ta ajiye aiki. Ta ce ba ta iya kallon mutanen da suka yarda ta aikata.

Tun daga nan ba na gyara abin da ban gano ciwonsa ba, kuma duk abin da na taɓa sai na rubuta, na faɗa wa waɗanda ya shafa. Amma babban abin da na koya ba na kwamfuta ba ne. Idan na ji an taru a kan mutum ana cewa shi ne, nakan kama bakina, in fara tambayar kaina ko akwai hannuna a ciki.