Ratar Yatsa Biyu

Har yau in tsofaffin Bagudo suka tuna motar da ke kwance a ƙarƙashin gulbi, ba sa cewa motar Maigida. Cewa suke yi motar kafinta. Ni ne kafintan. Ban taɓa mallakar ko taya ɗaya ta mota ba, amma ranar da ta nutse sai ta zama tawa.

Aji huɗu na yi aka cire ni, don haka mai neman daɗin Hausa ya nemi wani. Abin da ya faru zan faɗa. Sunana ya nutse tare da motar nan, kuma na gaji da haɗiye maganar.

A lokacin babu gada. Maigida, wanda nake wa aiki kamar yadda ubana ya yi wa nasa uban, fatauci yake yi tsakanin nan da Dahome: shinkafa, albasa, gishiri, bandar kifi. Motoci biyu gare shi, sabuwa a wannan ƙetare, tsohuwa a wancan, ita ke bi ta Illo ta shiga ƙasar Faransa. In kaya suka iso bakin fito sai 'yan dako su sauke buhu ɗai-ɗai, su zuba a jirage, a haye, a sake saukewa, a sake lodi. Yini biyu ke tafiya a haka. Buhu ya yage, gishiri ya sha ruwa, albasa ta dame.

Ni na ce masa a daina sauke kaya, a riƙa sauke akwati.

Na cire bodin motocin biyu na bar su tsirara. A bayan kowace na shimfiɗa gado: dogayen katakon maɗaci guda biyu, kwance a kan ƙarfe mai jerin huji. Ƙusa mai kauri ke riƙe su, wadda ake zarewa da hannu, don in kana son gadon ya faɗaɗa ko ya matse sai ka zare, ka matsar da katakon zuwa huji na gaba, ka mayar. Sannan na yi akwatuna, uku ke cika gado. Akwai rufaffe na shinkafa da gishiri, akwai mai tsaga-tsaga na albasa don ta sha iska, har da mai benci na ɗaukar mutane ranar kasuwa. A bakin gulbi maza goma sha biyu su turo akwati a kan gungumen giginya, ya gangaro kan manyan jirage biyu da Sarkin fito ya ɗaure wuri ɗaya ya shimfiɗa musu katako. A can ƙetare a tura shi kan ɗayar motar. Abin da ke cin yini biyu ya koma hantsi zuwa azahar.

Ban ga wannan a wurin kowa ba. Daga kaina ya fito, kan da aka ce bai yi karatu ba.

Asirin aikin abu ɗaya ne. Tsakanin ƙafar akwati da katakon gado na bar rata, yatsa biyu dama, yatsa biyu hagu. Wanda ya koya mini sana'a ya sha gaya mini cewa itace ba ya mutuwa don an sare shi. Da rani ya rame, da damina ya sha ruwa ya yi ƙiba. Akwatin da ke hayen gulbi kullum, ga feshin ruwa ga ruwan sama, in ba ka bar masa wurin ƙiba ba sai ya kama gadon kamar kaska. Da rani ratar takan sa akwati ya yi ta ƙwaram-ƙwaram a hanya, sai mu cusa weji, ɗan guntun itace mai tsini, a bakin fito a buge shi da guduma. Ba kyan gani, na yarda. Amma damina biyu muka yi ko sau ɗaya akwati bai maƙale ba.

Sai aka sauke tutar Bature aka ɗaga tamu. A watannin nan duk wanda ya iya saƙala fensir a kunne ya zama abin tsoro. Ɗan wan Maigida ya dawo daga makarantar koyon sana'a a birni, da farin gajeren wando da tef ɗin awo a aljihu. Tun bai taɓa ko sifana ba gari ya sa masa Injiniya. Shi kuma Maigida ya fara hangen kujerar majalisa, yana son a ce harkarsa ta zamani ce.

Ranar da yaron ya zagaya motar, ya zura tef a ratata, ya daɗe yana dariya.

"Malam kafinta, da mi ka auna wanga?"

Na ɗaga masa yatsuna biyu.

"To in ka mutu fa? A tono ka a ara?"

'Yan dako suka fashe da dariya. Ban ga laifinsu ba, maganar ta yi daɗi.

Washegari aka kira ni zaure. Akwai liman, akwai Sarkin fito, akwai direban sabuwar motar, wanda abokina ne tun muna kamun fara, da wasu dattawa uku. Injiniya ya baza takarda a kan tabarma. Za a yi sababbin akwatuna da katakon injin da ya sayo, a matso da gadon ciki har akwati ya zauna cif, a zubar da weji. Ƙusoshina masu zaruwa kuma a cire, a sa masu noti, a ɗaure, a daddake bakinsu da guduma don kada wani jahilin direba ya riƙa matsar da gado yadda ya ga dama.

Na ce, "Ranka shi daɗe, yanzu rani ne. Katakon nan ya bushe ƙayau kuma. In damina ta faɗi akwatin zai kumbura, ba mai fid da shi. In gadon na zaruwa sai mu buɗa mai. In an daddake, shi ke nan."

Injiniya ya ce, "Baffa, a birni ba a barin rami a aiki. Rami jahilci ne."

Maigida ya yi murmushi ya ce, "Kafinta, ƙasa duk ta samu mulkin kai, kai har yanzu yatsunka ke mulkinka? Yi yadda yaro ya zana."

Aka yi dariya, har liman. Sau ɗaya na faɗa. Wannan shi ne laifina na gaskiya, kuma ba shi aka tuhume ni da shi ba. A garinmu ba ka maimaita wa babba magana a zaurensa, balle wanda gidanku ya ci tuwon gidansu tun kakanni. Na ɗauki takardar na fita.

Da hannuna na yi akwatunan. Da hannuna na matso da gadon, na ɗaure notin, na daddake. Kuma na yi shi da kyau, don ban iya mugun aiki ba ko ina fushi.

Ranin nan kuwa abin ya yi kyau, kada in yi ƙarya. Akwati na shiga sumul, mota na tafiya shiru kamar amarya. Mutane na zuwa daga Bahindi su kalla. Ana cewa ka ga amfanin boko. In na wuce sai wani ya ɗaga mini yatsa biyu.

Damina ta yi nisa, aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, motar na tsaye a waje da lodin shinkafa da gishiri. Rana ta huɗu da hantsi aka aiko in zo bakin fito maza. Na hau keke na tafi.

Na tarar da maza goma sha biyu sun zama ashirin, duk sun jiƙe da gumi, akwatin baya ko motsi bai yi ba. Sun zuba baƙin mai, sun shafa man kaɗe, wata mai tuwo har ta kawo yauƙin kuɓewa a ƙwarya. Na durƙusa na duba. Ko tsinke ba zai shiga tsakanin akwati da gado ba. Sun zama itace ɗaya.

Maigida ba ya nan, ya tafi taron siyasa. Injiniya ke ba da umarni, wandonsa duk laka.

Na ce masa hanya biyu ce. Ko a sauke buhunan da hannu kamar da, ko ya bar ni in sa kurfi in datse notin nan in buɗa gadon, kafin la'asar an gama.

Ya dubi taron da ke kallonsa, ya dube ni. Ya ce ba mai taɓa noti. Ya ce a birni in kaya suka maƙale, ribas ake yi da gudu a taka burki, kaya su zame da kansu.

Sarkin fito ya yi wa mutanensa magana da Dendanci, suka kwance jiragen suka ja su gefe. Wannan kaɗai ya isa mai hankali.

Direba ya leƙo ta taga ya ce mini, "Kai mi ka gani?"

Na ce, "Gangaren nan laka ce. Sauko."

Injiniya ya ce, "Motar kafinta ce ko ta Baffana? In ba ka iyawa ba ni makulli, gobe ka nemi wani aiki."

Direban nan mutum ne mai 'ya'ya shida. Ya ja kansa ciki.

Na farko, motar ta tsaya, akwati bai motsa ba. Na biyu, ta ɗan ja da baya bayan burkin, tayoyin suka bar sawu mai sheƙi. Na yi tsawa a bari. Injiniya ya ce a ƙara nisa, a ƙara wuta. Na uku, tayoyin suka tsaya cak amma motar ba ta tsaya ba. A hankali ta tafi, kamar saniya za ta sha ruwa, gindi ya fara shiga, kai ya ɗaga sama. Direba ya faɗo ta ƙofa, ƙafarsa ta karye a kan gungumen giginya. Wurin nan rami ne, shi ya sa manyan jirage ke tsayawa a nan. Kafin a kawo igiya, sai kumfa.

Bayan la'asar ta washegari aka taru a zauren nan dai, mutanen nan dai, ban da direba da ke kwance wurin maɗori. Wani dattijo ya yi tambayoyin.

Wa ya yi gadon? Na ce ni. Wa ya yi akwatunan? Ni. Wa ya daddake notin? Ni. Duk gaskiya ne, ba inda zan ce a'a. Injiniya ya fito da takardarsa ya ce awonsa daidai yake, in akwati ya maƙale sai a tambayi mai zarto.

Na buɗe baki na ce, "Ranka shi daɗe, a nan wurin na ce…"

Na dubi liman, yana jan carbi. Na dubi Sarkin fito, yana kallon babban yatsan ƙafarsa. Mutum shida suka ji ni ranar, biyar na zaune a nan, ba wanda ya ɗaga kai.

Maigida ya ɗaga hannu ya katse ni. Muryarsa a sanyaye, irin ta mutanen kirki. Ya ce, "A bar tone-tone. Ƙaddara ta riga fata. Kafinta ya yi iyakar saninsa, ba da gangan ya yi ba. Ni na yafe mai, duniya da lahira. Kada in ji wanda ya ƙara tada maganar."

Zaure ya ɗauka: Allah shi saka, Allah shi ƙara girma, halin manya sai manya.

Da ya kai ni gaban alƙali, da na yi magana, da an kira shaidu an ba su rantsuwa. Da ya zage ni, da na rama. Sai ya yafe mini. Wanda aka yafe wa ai shi ne mai laifi, kuma an rufe bakinsa, don mai jayayya da yafiya butulu ne. Duk idanu suka dawo kaina ana jiran abin da aka saba. Na durƙusa na ce na gode.

Wannan na goden ita ke hana ni sakewa har yau. Motar ba ta dame ni ba, ba tawa ba ce.

Maigida ya tsare ɗan wansa, ya tsare sunan gidansu, ya kuma sami sunan mai haƙuri a kaina. Kujerar majalisar ma ya same ta. Injiniya ya koma birni, na ji har babban ofis aka ba shi. Ni kuwa tun daga ranar ba mai mota da ya sake kawo mini ko gyaran benci. Na koma ƙofofi, kujerun tsugunno, makara in ta masallaci ta karye. Tsohuwar motar da ke ƙetare suka mayar mata da bodi irin na kowa, aka koma sauke buhu ɗai-ɗai. Shekarun baya na ga manyan motoci a kan iyaka ɗauke da akwatunan ƙarfe da ake saukewa a ɗora wa wata, mutane na cewa kai, Bature shegen wayo ne. Na tofar da yawu na wuce.

Daminar da zai rasu, Maigida ya aiko kirana. Na yi wanka na sa riga mai kyau, don wauta. Na ɗauka zai tara mutane ya faɗa.

Na same shi kwance shi kaɗai, ya rame kamar kara. Ya nuna mini ƙofar ɗakin. Sabuwa ce, daga birni aka aiko da ita, ta kumbura ba ta rufuwa. Na cire ta na jingine, na fara sassaƙe gefen. Yana kallona har na kusa gamawa, sannan ya ce, a hankali, "Kafinta, bar mata yatsa biyu, yadda ka ce."

Na tsaya da kurfi a hannu. Na leƙa tsakar gida ko akwai wanda ya ji. Akuya ce kawai a ɗaure.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in kira liman ka maimaita?"

Ya rufe ido ya juya fuska ga bango.

Na gama ƙofar na rataya, ta rufu lafiya lau. Bayan kwana tara aka fito da shi ta cikinta, a kan makarar da ni na gyara. A wurin zaman makoki wani ya kawo labarin haƙurinsa, yadda kafinta ya nutsar masa da sabuwar mota shi kuwa bai ce komai ba. Ina zaune a bayan mai maganar, ana ta cewa Allah shi jiƙan mai haƙuri, na ce amin tare da kowa.