Yadda Ƙanena Badamasi Ya Sama Wa Ɗansa Aiki

Ƙanena Badamasi direba ne a wata ma'aikatar tarayya. Tun da maigidana ya rasu nake zaune a gidan Badamasin a unguwar Gudu a Abuja, don haka rabin labarin nan idona ya gani, sauran shi ya ba ni yana kallon tabarma.

A garinmu kunyar Badamasi abin yabo ce. Bai taɓa kai loma baki a gaban surukansa ba. Da ya zo Abuja sai aka ce ciwo ne. Farar hula sun dawo, gari ya cika da sababbin motoci da wayoyin hannu, kowa a ofis yana cusa nasa. Har mai gadi ya shigar da ƙanin matarsa. Shi kuwa ɗan Badamasi na fari ya gama difloma, shekara biyu yana gida yana wanke motar gwamnati.

Yaron sunan mahaifinmu ya ci, Abdulmajid, Allah ya jiƙan mai sunan. Ga ɗan fari, ga sunan uba, tun ranar suna bakin Badamasi bai taɓa furta shi ba. Ni na yaye yaron, shi ya sa ake ce masa Ɗangoggo. In uban ya matsu sai ya kira shi da wannan, in bai matsu ba ya ce "wancan".

Matarsa Rekiya ce ta gaji, ta tura shi wurin wani Mista Bernard mai koyar da sakin baki duk Asabar a saman wani shago a Apo. Ya dawo da darasi: ka kalli mutum cikin ido, ka matse masa hannu, kullum da safe ka tsaya gaban madubi ka ce kai zaki ne.

Washegari da safe ya tsaya gaban madubi yana gwadawa. "Ɗaga murya mana, Malam," in ji Rekiya daga kicin. "Zakin nan ko kaza ba zai kora ba."

Ya fara gwaji da limamin unguwa, dattijo mai ciwon yatsu. Ya damƙe masa hannu, ya zuba masa ido bai ƙifta ba. Da la'asar liman ya aiko matarsa ta tambaye ni a asirce ko Badamasi ya fara shan wani abu.

Ranar da abin ya faru yana tuƙa ogansa, Oga Godfrey, sun tsaya a cunkoso. Sai ya ja numfashi ya ce, "Oga, ina da yaro."

"Kai, Badamasi! Ashe kana magana? Shekara goma sha ɗaya kana tuƙa ni! Yaro yana da takarda?"

"Yana da ita, ranka ya daɗe."

"To yau ne ana rufe sunayen masu neman aiki." Oga ya buga waya nan take, ya samu mai rubutawa. "Oya, sunan shi?"

Badamasi ya ce mini, "Yaya, wallahi na kalle shi ta madubi, cikin ido, yadda aka koya mana. Amma sunan ya zo nan ya tsaya." Ya nuna maƙogwaro. Oga yana ta "Yi sauri, mutum yana jira," sai Badamasi ya ce, "Ɗangoggo."

Bayan mako uku takardar aiki ta fito da sunan Ɗangoggo Badamasi. Yaro ya kai takardun makaranta, aka ce wannan Abdulmajid ne, ba shi aka ɗauka ba. Ko dai ya kawo shaida kafin Litinin, ko a ba wani, mutum arba'in na layi.

"Ka koma wurin oga ka gyara," in ji Rekiya.

"In ce masa me?"

"Sunan ɗanka, bawan Allah!"

Ya miƙe ya ɗauki buta, alhali azahar da saura.

Oga kuwa ya yi tafiya ƙasar waje. Ranar Juma'a yaro ya je kotu ya yi rantsuwa cewa daga yau shi Ɗangoggo ne, aka buga a jarida tare da hotonsa yana murtuke fuska. Ya kama aiki ranar Litinin. Wata guda bai ci abinci da uban ba.

Ni dai na yi kukan sunan mahaifinmu da aka bari a kotu. Badamasi ya zauna nesa da ni, ya ce a hankali, "Yaya, ki yi haƙuri. Amma yanzu ko a gaban minista zan iya faɗin sunansa."