Ƙayar Da Ban Ji Shigarta Ba

Zamanin da Turawa ke mulki, ni manomin albasa ne a fadamar Wurno, na ɗan haura shekara arba'in. Karatuna kaɗan ne, amma ba na son wasa, kuma ba na son a maimaita mini magana.

Ciwon ya zo mini daki-daki. Da fari ƙishirwa, na biyu yawan fitsari, na uku rama. Taubashina ne ya lura kiyashi na taruwa duk inda na tsuguna, ya riƙa shela cikin fadama wai na zama tulun zuma, a nemo marufi. Na tafi Rabah wajen malamin asibiti. Ya ɗiga fitsarina cikin wani ruwa shuɗi a kwalba, ya kara ta bisa wuta, ina kallo ruwan ya koma ja kamar jar ƙasa. Ban taɓa sanin ana karanta cikin mutum haka ba. Ya ce ciwon sukari ne, ya kafa mini doka uku: in bar rake da zuma in rage tuwo, in riƙa sa takalmi, in duba ƙafafuna kullum. Ta farko na riƙe ta gam. Biyun na raina su, don manomi da takalmi cikin laka abin dariya ne a wurinmu.

Wata rana munka kai albasa kasuwar Goronyo, munka kwana, na koro jakina zuwa gida a ƙasa. Na zauna ke nan mai ɗakina ta ga jini bisa tabarma, ta tambaye ni mi na taka. Na ce ban taka komai ba. Ta kama ƙafar ta juya, sai ga ƙayar aduwa ta nutse ƙarƙashin yatsuna har gindinta. Duk tafiyar nan da ita na yi, ko tsikari ban ji ba. Na daɗe ina kallon ƙafar ina tasbihi, ƙafata ce amma ta daina gaya mini komai.

Nan na ƙara kuskure. Ta roƙe ni in koma Rabah, na ce abin da ba ya zafi ba ciwo ba ne, na ɗaura ganye. Kwana goma wurin ya yi baƙi, ya soma wari. Anka kai ni asibitin Sakkwato, likita ya ce da na ƙara kwana biyu daga gwiwa zai yanke. Yatsu biyu sunka tafi, Allah ya bar mini ƙafar.

Abin da ke ba ni mamaki har yau, sau biyar nake wanke ƙafar nan a alwala kowace rana, ban taɓa juya ta na duba ba. Mai wannan ciwo, kada ka jira zafi ya faɗa maka, ba zai zo ba. Ka sa takalmi ko ana dariya, ka duba tafi da tsakanin yatsu, in ka ga rauni ka tafi asibiti ranar.